Amsa ga 'yata kan kujerar amintattu

'Yata, saƙonki ya iso. Na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai ko rashin kunya ne mace 'yar shekara 27 ta zauna cikin amintattun gidauniyar marayu, wato masu riƙe amanar dukiyarta a hukumance, har ta ja da maganar sa'annin babanta?

A zamanin ƙuruciyarmu, ko gayya aka kira, dattawa ke sa rana, amma sarkin samari ke tara majiya ƙarfi ya raba musu aiki. Ba wanda ya ce ya yi fitsara. Iyayenmu kan ce da na gaba ake gane zurfin ruwa, to amma ai sai na bayan yana biye da shi.

Akwai wata ƙungiya, ba zan kama suna ba. Amintattu biyar, ƙaraminsu ya haura saba'in. Biyu suka rasu a damina guda, kuma su ne masu sa hannu a banki. Bayan sadakar bakwai aka jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gadon ɗayansu. Takardar rajista na ciki, gara ta ci gefenta, rasidai ƙulle a leda. Aka koma makaranta, kuɗin marayu na banki, ba mai ikon fitar da ko sisi. Sauran ukun sai kallon juna.

Sauya amintacce kuwa ba aikin yini ba ne. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce sai babban taro ya zartar, a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta, sannan hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, CAC, ta amince. Bayan nan ne za a tunkari banki. Dokar ta hana wanda bai kai shekara 18 ba, da mai taɓin hankali, da wanda kotu ta ayyana ya karye da bashi, da wanda aka hukunta kan zamba cikin shekara biyar da suka wuce. Ba ta ce sai mai furfura ba, ba ta ce sai namiji ba.

Kuskurenmu shi ne "kowa ya kawo ɗansa". Kamata ya yi a zauna a rubuta abin da babu: wanda ya iya lissafin kuɗi a kwamfuta, macen da ke shiga gidajen da aka rubuta "ba shiga", wanda shi kansa ya tashi a maraici. A ɗauki matasa biyu tare, domin guda ɗaya cikin dattawa ba ya buɗe baki. A sa wa'adin shekara uku, sau biyu, kuma kada kowa ya sauka lokaci ɗaya. A daina sa taro bayan isha'i, a biya kuɗin mota tunda kujerar ba ta da albashi. Shugaba ya fara tambayar ƙarami, don in babba ya riga ya yi magana, wa zai musa?

Ku ma 'yan yanzu da naku. Wasunku hoton Facebook suke nema, taro uku sai a neme su a rasa.

Kafin ki sa hannu, ki nemi kundin tsarin mulkin gidauniyar, ki tambayi yaushe rabonsu da kai wa CAC rahoton shekara. Batun ja da manya kuwa, in kin zo gaisuwar sallah ma yi shi. Ki gaishe min da babarki.