Ƙanwata, ba kunnenki ba ne

Wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru. Kin ce kin shiga aji 4 a karatun likita, a zagayen duba marasa lafiya na safe kowa na gyaɗa kai wai ya ji hucin bawul, wato ƙarar da jini ke yi in ƙofar zuciya ta samu matsala, ke kuwa bugu biyu kaɗai kike ji, har kin fara zargin kunnenki. Da yawan masu gyaɗa kan nan su ma ba su ji komai ba, tsoro ne kawai.

Tawa ranar, wata mai jego ce, ko arba'in ba ta yi ba, ƙafafu sun kumbura, an tara mata filo uku don numfashi ba ya barin ta kwanciya. Rajistara, likitan da ke koya mana, ya ce in saurari ƙirjinta in faɗi abin da na ji. Na ɗora abin sauraron ƙirji, shiru. Na matsa gefe, shiru. Ashe kan abin sauraron ne a juye, ɓangaren da na ɗora a toshe yake. Da ya miƙa hannu ya murɗa min, da shi ke nan. Sai ya juya wajen matar, da Hausa fa, don kowa ya ji, ya ce, "Hajiya, kin ga masu duba ki nan gaba." Mijinta na tsaye, 'yan rukuninmu na tsaye. Matar da ke fama da numfashi ita ce ta riƙo hannuna ta ce in sake gwadawa. Har bas ta sauke ni a Kawo hawaye nake yi. Na yafe masa, amma har yau in na ji irin muryarsa gabana faɗuwa yake.

Ki riƙa ƙwanƙwasa abin da yatsa kafin ki ɗora. Kuma ki sa yatsa a jijiyar wuya: sautin da ya zo tare da bugunta shi ne na farko cikin sautukan zuciya biyun. Sai kin kama wannan za ki san inda huci ya faɗa. Ki yi ta sauraron masu lafiya, 'yan ɗakinku, ƙannenki a gida. Ki lalubo bugun tsinin zuciya da hannu tukuna, tsakanin haƙarƙari na 5 da na 6 a hagu. Gurnanin tsukewar bawul ɗin mitiral kuwa, wato wata ƙofar jini a hagun zuciya, ki juya mara lafiya ta hagu, ki ɗora ƙaramin ɓangaren abin sauraron mai kama da kofi a hankali, kar ki danna.

A ƙirjin matar nan na fara jin sauti na uku, kamar sukuwar doki, da daddare bayan an kashe fanka. Irin ciwonta, wato gazawar zuciya bayan haihuwa, tun shekarun 1970 aka yi bincikensa a Zariya, aka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego. Ki riƙa tambayar masu jego wannan, amma don Allah ban da faɗa, iyayensu ne suka sa su. Ni kaina da na haihu sai da muka kai ruwa rana da gwaggona kan kanwar nan.

In kina cikin gari ki yi min magana ta gefe, ranar Asabar ina bakin aiki, mu saurari ƙirji biyu ko uku tare.