Hukuncin sayar da garin da aka narkar daga dusar shinkafa da inzayim

Tambaya: Malam, ina da shagon magani a Argungu. An kawo mini wani gari da kafso da aka ce daga dusar shinkafa da totuwar masara aka samo su bayan an narkar da su da inzayim, kuma wai suna kare jiki daga lalacewa. Shin halal ne in sayar, in kuma gaya wa masu saye cewa magani ne?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Abin da aka kawo maka shi ne oligosakaraid, wato gajeren sarƙar sukari mai ƙwaya 3 zuwa 10, wanda ake samu idan inzayim, wato sinadarin da halittu ke samarwa don narkar da abu, ya daddatse zaren da ke cikin dusa ko totuwa ko saiwar wani tsiro da ake kira cikori. Asalin tsirrai halacci ne, domin Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 29, Shi ne Ya halitta mana abin da ke cikin ƙasa gaba ɗaya, kuma narkarwar ba ta mayar da shi abin maye ba.

Inda ya kamata ka tsaya ka bincika shi ne tushen inzayim ɗin da kuma ɓawon kafson. Inzayim ɗin da ke datse zaren tsirrai, kamar zailanes da inulines, galibi daga fumfuna ko bakteriya ake samunsa, wannan kuwa mai tsarki ne. Amma jelatin da ake yin ɓawon kafso da shi wani lokaci daga fatar alade yake fitowa. Malamai sun saɓa a kan ko sarrafawar ta kai matsayin istihala, wato rikiɗewar abu ya zama wani abu daban, irin ta giya da ta koma khal (ruwan tsami na binega), sai dai abin da na fi natsuwa da shi shi ne barinsa, tunda akwai kafso na tsirrai, kuma babu lalurar da ta tilasta. Ka duba lambar NAFDAC, ka kuma nemi bayanin ɓawon a rubuce daga dillalin.

Maganar kariya kuwa, gwajin ɗakin bincike ya nuna waɗannan sinadarai suna kama ɓarayin ƙwayoyin da ke yi wa jiki irin abin da tsatsa ke yi wa ƙarfe, musamman na dusa da ke ɗauke da sinadarin ferulik, kuma suna ciyar da bakteriya masu amfani a hanji. Abin da ya faru a kwalbar gwaji bai zama shaidar warkar da ciwon suga ko hawan jini ba, don haka kiransa magani algus ne, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya algushe mu ba ya tare da mu. Albasar Aliero ma, wadda ke kasuwarku, tana ɗauke da dangin wannan oligosakaraid. Ka sayar da garin da kafson a matsayin ƙarin abinci, ka gaya wa mai saye cewa yawansa yana kawo kumburin ciki, kuma kada ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa saboda shi. Wallahu a'alam.