Tambaya da Amsa: Mu kai Mama Indiya dashen ƙoda ko a yi mata a gida?

Tambaya: Salam likita. Mahaifiyarmu ce ke fama da ciwon ƙoda, ana mata wankin ƙoda sau 2 a sati kuma kuɗin ya soma fin ƙarfinmu. Wani ejan ya ce a Indiya dashe ya fi araha, wai har mai ba da ƙodar za a samo mana a can. Muna shirin sayar da fili. Don Allah meye shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Mama lafiya, ku kuma ya saka muku da alheri. Amma filin nan a dakata tukunna.

Maganar ejan ɗin cewa za a samo mai ƙoda a can ita ta fi tayar min da hankali. Indiya tana da dokar dashen sassan jiki tun 1994, ta haramta saye da sayarwa, kuma baƙo shi zai zo da nasa mai bayarwar, akasari ɗan'uwa na jiki wato ɗa ko 'ya, wa ko ƙani, iyaye, miji ko mata, jika. Akwai kwamiti da zai zauna da ku ya yi tambayoyi, a duba takardu, ofishin jakadancin Najeriya ya tabbatar da dangantakar, wani lokaci har gwajin DNA. Toh wanda ya ce zai tsallake duk wannan dai ko damfara ce ko kasuwar bayan fage. Mu ma dokar lafiya ta 2014 ta hana cinikin ƙoda, kuma kun ga abin da ya sami Sanata Ike Ekweremadu a Ingila a 2023, ɗaurin shekara 9 da wata 8 a kan irin wannan maganar.

Batun araha kuwa, eh gaskiya ne Indiya da Masar sun fi Ingila da Amurka sauƙi nesa ba kusa ba, kuma suna da ƙwararru. Sai dai kuɗin da ake faɗa muku na tiyata ne kawai. Ba a sa tikitin mutum uku ba, Mama da mai ba da ƙoda da mai jinya, ba a sa biza ba, ga hayar ɗaki da abinci na wata biyu ko fiye don ba a sallamar mutum ya hau jirgi washegari, ga wankin da za a ci gaba da yi kafin kwamiti ya amince, kuma da dala za ku biya, kun san yadda naira ta koma tun 2023. In zazzaɓi ya shigo aka kai ta ɗakin kulawa ta musamman, wato ICU, lissafi ya rushe.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne bayan dawowa. Wanda aka yi wa dashe zai sha maganin hana jiki ƙin sabuwar ƙodar, irin su takrolimus da maikofenolet da firedinisolon, har iya rayuwarsa, kullum ba fashi, ga gwajin jini a kai a kai. Iyali su ƙarar da komai a tafiya, a dawo babu na magani, ƙodar ta lalace a koma wanki, ɗan da ya bayar kuma ya saura da guda. Don haka ku lissafa kuɗin maganin shekara 2 aƙalla ku ware shi gefe kafin a yi zancen jirgi.

Kuma fa ana dashe a gida, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara tun 2002, ana yi a Abuja da Legas. Ku fara zuwa wajen likitan ƙodarta a duba ko ma jikinta zai ɗauki aikin, zuciya da suga da hawan jini da shekaru duk ana dubawa, a gwada jinin 'ya'yan a ga wanda ya dace, sannan ku karɓi farashi a rubuce ku gwada da na waje.

In kuma lissafi ya nuna tafiyar ce, ku tura sakamakon gwaje-gwajen kai tsaye ofishin baƙi na asibitin da kuka zaɓa a Indiya, su aiko da kiyasi da takardar gayyata wadda da ita ake neman bizar jinya a ofishin jakadancin Indiya da ke Abuja, kuɗi kuma asusun asibiti za a tura ba na ejan ba. Ku tanadi katin rigakafin cutar shawara, a yi mata wanki ana gobe tafiya, kuma ku samu likitan da zai ci gaba da ganinta a nan tun kafin ku tashi.