Amsa ga 'yata a kan kukan uwa da zuwa kabari

'Yata, na ga saƙonki. Ya muka ji da haƙuri? Ubangiji ya ta'azantar da mu baki ɗaya.

Kin ce ranki ya ɓaci da abin da aka yi wa yayarki ranar da aka binne ɗanta. Tsofaffi sun hana ta bin gawa zuwa maƙabartar hanyar Zariya, sun ce ta share hawaye tunda ɗan fari ne, wata ma ta ce mata mai bin Yesu ba ya kuka haka. Kina tambaya ko wannan al'ada ce ko koyarwar Littafi Mai Tsarki. Al'ada ce, 'yata. Amma ki san inda ta samo asali kafin ki yanke wa tsofaffin nan hukunci.

A ƙasar Hausa da wajen Fulani akwai kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ƙaunarsa a gaban mutane, ko da ya rasu ana so ta daure. Hana mata zuwa maƙabarta kuwa, da binne yaro a ranar da ya rasu, mun taso mun ga maƙwabtanmu Musulmi suna yi, gidajen Kirista da yawa masu jin Hausa a nan Jos suka ɗauka. A zamanin iyayenmu kuma ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau suna kwashe yara ba ƙaƙƙautawa. Mace takan haifi da yawa ta binne rabi, har a riƙa ce wa 'ya'yanta wabi, a sa wa na gaba suna irin su Ajuji don mutuwa ta raina shi ta ƙyale. Matar da ta sha wannan ba ta da abin riƙewa sai dauriya. In ta ce wa yayarki ta yi shiru, abin da ya tsayar da ita a ƙafafunta take miƙa mata. Don haka kada ki yi musu rashin kunya.

Sai dai maganar cewa kuka rashin bangaskiya ne, wannan ban yarda da ita ba, kuma ba zan yarda ba. Buɗe Yohanna 11:35. Yesu ya san zai ta da Li'azaru a wannan ranar, duk da haka ya zub da hawaye a gaban jama'a. Yakubu da aka kawo masa rigar Yusufu da jini, 'ya'yansa duka suka taru su ba shi haƙuri, ya ƙi. A 1 Tasalonikawa 4:13 Bulus bai hana baƙin ciki ba, irin na marasa bege ya hana. Uwa tana iya kuka har muryarta ta dushe alhali ta gaskata da tashin matattu. Dawuda ya yi azumi yana kwance a ƙasa har yaronsa ya rasu a rana ta bakwai, sa'an nan ya ce shi zai je wurin yaron, yaron ba zai komo wurinsa ba. Wannan magana ta 2 Sama'ila 12:23 ita nake so yayarki ta riƙe: akwai inda yaron yake, akwai kuma ranar saduwa. Yesu da ya ce a bar yara ƙanana su zo gare shi ba zai kori nata ba.

Jiya na je gidan da yamma. 'Yan Zumuntar Mata ta coci sun cika tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi, ana buga tulu a hankali ana waƙa. Yayarki tana ɗaki, ta riƙe rigar sanyin yaron, wadda aka saya masa saboda hunturun bana. Wata uwa daga cikinsu ta shiga da kofin kunu mai zafi, ta zauna kusa da ita, ba ta ce uffan ba sai da ta ga ta sha rabi. Haka abokan Ayuba suka yi da farko, kwana bakwai suna zaune da shi a ƙasa ba magana. Da suka fara neman dalilin wahalarsa ne suka ɓata komai.

Wannan ya kawo ni kan abin da na fi tsoro. In an kwana biyu, za a fara raɗe-raɗin wai wani ne ya ci yaron, ko wai zunubin iyaye ne. Kada ki bari a yi wannan zance a gabanki. Zazzaɓi ne, likita ya faɗa. Na ga zargin maita ya raba gidaje da ba su sake haɗuwa ba. Kuma ki ja kunnen ƙawayenku su daina cewa ai yarinya ce, za ta haifi wani. Allah ya ba ta goma, wannan ɗin dai babu madadinsa. In ta ambaci sunansa, ki amsa mata da sunan, kada ki kau da zance.

Mijinta ma ki tuna da shi. Yana waje yana karɓar gaisuwa, kowa na ce masa namiji ne ya daure, babu mai tambayarsa ko ya ci abinci.

Game da kabari, na yi magana da fasto da kawunku, babu wanda ya ƙi. Ranar da ta ce tana so, za mu raka ta mu yi addu'a a can, kuma ba za mu matsa mata ba in ba ta shirya ba. Ki nemi hutu ki taho daga Abuja bayan mako biyu, lokacin da masu gaisuwa suka watse gida ya yi shiru, don a nan ne za ta fi bukatarki. Ki zo da shirin kwana a ɗakinta.

Goggonki.