Wa ya rufe makarantar lauyoyi ta Sarospatak?

Tambaya: Malam, ina rubuta kundin kammala digiri kan makarantun lauyoyi na coci a ƙasar Hangari. Na rubuta cewa 'yan gurguzu ne suka rufe wadda cocin mabiya Kalvin (wani reshe na Furotesta) ke da ita a garin Sarospatak, sai malamin da ke duba ni ya ja layi da jan biro, bai ce min uffan ba. Saura mako biyu in miƙa, hankalina a tashe yake. Ina kuskuren?

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗana, gyaran bai wuce sakin layi ɗaya ba. Amma malaminka ya yi daidai. Sashen koyar da lauyoyi na kwalejin Sarospatak ya rufe ne a 1923, lokacin da mulkin 'yan gurguzu na bayan yaƙin duniya na biyu ko ƙamshinsa babu.

Wannan kuskuren ya ishe ni. Duk makarantar cocin da aka rufe a gabashin Turai, sai wani ya kwafo daga intanet ya ɗora wa 'yan gurguzu, wani ya kwafe nasa, har ƙarya ta yi rassa. Ga inda ake ruɗewa: makarantar lauyoyi ta garin Kecskemet, ita ma ta wannan cocin, ita ce 'yan gurguzu suka rufe a 1949. Ita kuma babbar kwalejin Sarospatak, wadda aka kafa tun 1531, sun ƙwace ta a farkon shekarun 1950, ba ta koma hannun coci ba sai 1990. Abubuwa uku ne daban, malalata suka dama su a kwano ɗaya.

Abin da ya kashe sashen lauyoyin shi ne yarjejeniyar Trianon ta 1920, ta bayan yaƙin duniya na ɗaya, wadda ta yanke wa Hangari kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarta. Ɗauko taswira ka duba: Sarospatak, garin da yake tsakiyar yankinsa, ya wayi gari a bakin iyaka, garuruwan da ke turo masa ɗalibai sun faɗa Cekoslobakiya. Kuɗin coci ya zagwanye, ga jami'o'in gwamnati a Debrecen da Szeged da Pecs suna jan samari. Da me za a biya malamai?

Tunda ka zo, gyara wani kuma: kada ka rubuta cewa dokokin coci kawai ake koyarwa a can. Lauyoyi da ma'aikatan gundumomi take fitarwa. Sandor Kovy, wanda ya fara koyarwa a sashen a 1793, har kotun gwaji yake shirya wa ɗalibai su yi ta musu kamar a gaban alƙali. Cikin almajiransa akwai Lajos Kossuth, jagoran juyin juya halin 1848 da ya yi fito-na-fito da sarakunan Austriya.

Ka raba shekarun nan uku a kundinka, 1923 da 1949 da 1990, kowace da garinta da dalilinta, sannan ka mayar wa malaminka.