Jordan ko LeBron, wa ya fi?

Malam, ka tambaya tsakanin Michael Jordan da LeBron James wa ya fi a ƙwallon kwando. Ni dai Jordan nake zaɓa, amma ba don kofi shida kawai ba. In ƙirgen kofi ne, ai Bill Russell ya ɗauki 11 da Boston Celtics cikin kaka 13, sai dai a farkon zamaninsa ƙungiyoyi takwas ne kacal a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka.

Abin da ke sa ni tsayawa kan Jordan shi ne wasan da ya tarar. A shekarun 1990 mai tsaro zai ɗora maka hannu a ƙugu yana tura ka, alƙalin wasa ko a jikinsa. 'Yan Detroit Pistons sun sha kayar da shi ƙasa, sun fitar da ƙungiyarsa Chicago Bulls daga gasa sau uku a jere kafin ya samu kansu a 1991. Daga 2004 aka tsananta hana wannan riƙon, fili ya buɗe. Duk da matsin, ya kai wasan ƙarshe sau shida bai faɗi ko ɗaya ba.

LeBron kuwa, tsawon rai a fili ne makaminsa. A Fabrairun 2023 ya wuce maki 38,387 na Kareem Abdul-Jabbar, wanda kafin nan ya fi kowa maki a tarihin NBA, ya ci kofi da ƙungiyoyi uku. A jerin wasannin ƙarshe na 2016 ma, Golden State na gaba da wasa 3-1 ya juyo da ƙungiyarsa Cleveland ta ɗauki kofin. Wannan kam Jordan bai taɓa yi ba, ko da yake bai taɓa shiga irin wannan ramin a wasan ƙarshe ba.