Dubu 70 za ta riƙe magidanci?

Ɗan'uwa ka tambaya ko naira dubu 70 za ta riƙe mai mata da yara uku har ƙarshen wata. Wallahi ba za ta riƙe ba. A Yulin 2024 Tinubu ya sa hannu aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dubu 30 zuwa 70, amma ai tun Mayun 2023 da aka cire tallafin mai litar fetur ta bar ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ma har ta wuce dubu, kuɗin mota ya tashi, masara da shinkafa suka bi bayanta. Raba dubu 70 gida 30 ka gani, kusan 2,300 ne a rana, a ciki za a yi cefane a hau adaidaita sahu, ga haya ga kuɗin makaranta, ba a ma zo maganar zazzaɓin yaro ba. Shi ya sa ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, ta tsaya kan dubu 250 kafin a daidaita.

Abin da ya fi ci min rai, dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, wato yaron shago da mai gadi sai abin da maigida ya ga dama ya ba su.